Myddle: Ƙauyen Da Aka Rubuta Tarihinsa Benci-Benci

A shekarar 1701 wani dattijo manomi mai suna Richard Gough, ɗan shekara 66, ya ɗauki takarda ya zana yadda aka jera bencina a cocin ƙauyensu, kowane benci ya rubuta gidan da ke da shi. Daga nan sai ya kama na farko ya shiga ba da labarin masu zama a kai: wane ne ubansu, wane ne kakansu, daga ina suka zo, wa ya auri wa, nawa amarya ta zo da shi, wa ya tara dukiya, wa ya shanye ta a gidan giya, wa aka rataye. Da ya gama da wannan benci sai ya matsa na kusa da shi. Haka ya yi ta bin cocin har ya ƙure shi.

Sunan ƙauyen Myddle, ana faɗinsa kamar Midil. Yana lardin Shropshire a yammacin Ingila, ba nisa da iyakar Wales, kimanin mil 8 arewa da garin Shrewsbury. Ba a haifi wani sarki a can ba, ba a gwabza wani babban yaƙi ba. Ƙasa ce ta shanu da madara da cuku, mutanenta a wancan zamani ɗaruruwa ne kawai. Amma yau masana tarihin Ingila sun san halin maƙerin Myddle da matarsa fiye da yadda suka san na wasu manyan masu sarauta na ƙarni na 17, kuma duk dalilin wannan dattijo ne mai dogon tunani da kaifin baki.

Kafin a shiga labarin, sai an fahimci abin da ake nufi da gundumar coci. A Ingila ta lokacin an yanka ƙasar gaba ɗaya zuwa ƙananan gundumomi dubbai, kowace da cocinta, da limaminta, da maƙabartarta. Gunduma ɗaya takan haɗa ƙauyuka da rugage da dama. Ta Myddle ta haɗa da Myddle kanta, da Marton, da Balderton, da Newton on the Hill inda gidan su Gough yake. Aikin gunduma bai tsaya ga ibada ba. Ita ke gyaran hanya, ita ke tara kuɗi ta ciyar da matalauta tun bayan dokar 1601, ita ke rubuta wanda aka haifa da wanda ya mutu. Zuwa coci ma ba ganin dama ba ne: dokar 1559 ta sa tarar sule ɗaya a kan duk wanda ya ƙi zuwa ran Lahadi ba da uzuri ba. Saboda haka wanda ya leƙa coci da safiyar Lahadi ya ga gari kusan duka, kowa a mazauninsa.

Rubuta haihuwa da mutuwa kuwa ya samo asali ne daga 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowane limami ya ajiye littafi yana rubuta baftisma da aure da jana'iza. A ƙarshen wannan ƙarni aka sake umarni a kwafe su a kan fata domin takarda na ruɓewa. Waɗannan littattafai su ne jarin duk mai neman asalinsa a Ingila har gobe. Sai dai abin da suke bayarwa kaɗan ne. Mutum ya yi shekara saba'in a duniya, a taƙaita shi a layi uku: ranar da aka yi masa baftisma, ranar da ya yi aure, ranar da aka binne shi. Kuma layukan nan uku ma haɗa su aiki ne. Uba Richard, ɗa Richard, jika Richard, ɗan baffa ma Richard. Sunan iyali ɗaya limami ya rubuta shi iri uku a shafi guda, domin ba a daidaita ƙa'idar rubutu ba tukuna. Ga kuma tarkon kalanda: kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana kamawa ne ran 25 ga Maris, don haka Gough, da aka yi wa baftisma a Janairun 1635 bisa lissafinmu, a lissafin zamaninsa ɗan 1634 ne. Duk wanda ya taɓa zama gaban kwamfuta yana ƙoƙarin haɗa rumbun bayanai biyu da ba su da lambar shaida guda ya san irin wannan ciwon kai.

Gough ya fara rubutunsa tun 1700, kuma kashi na farko irin wanda aka saba ne. Ya bi iyakokin gundumar, ya lissafa rafuka da tafkuna, ya kawo masu ƙasar daga iyalin Lestrange zuwa Stanley zuwa Egerton, ya yi maganar tsohuwar ganuwar Myddle da Humphrey Kynaston, ɗan manyan da bashi da ta'adi suka mayar ɗan fashi, ya bar ganuwar ta zube ya koma zaman kogo a Nesscliffe. Da a nan ya tsaya, da littafin bai wuce na ajiya a kanta ba. Kashi na biyu, na bencina, shi ne ya sa ake karanta shi.

Dabarar ta dogara ne a kan wata ƙa'ida da Gough ya bayyana tun farko, kasancewarsa mutum mai ɗan sanin shari'a, don ya yi wa Robert Corbet na Stanwardine, wani alƙalin yankin, hidima a ƙuruciyarsa. Ƙa'idar ita ce benci na gida ne. Mutum bai mallake shi ba, gona ma ba ta mallake shi ba. In ka sayar da gidanka ko ka tashi daga cikinsa, ka bar bencin ke nan, wanda ya shiga gidan shi zai zauna. Manyan gidaje suna gaba, manoma masu hali na biye, masu sana'a da 'yan ƙwadago masu ƙananan ɗakuna suna can baya, wani bencin ma gidaje da yawa ke raba shi.

A ganina nan ne basirar mutumin take. Da iyali-iyali ya bi, da ya rubuta irin tarihin da kowa ke rubuta wa danginsa, wanda ke farawa daga kaka mai daraja ya gangaro zuwa marubuci, duk wanda ya faɗi a hanya a share shi. Da ya zaɓi benci, sai ya kama abin da ba ya motsi, ya tsaya yana kallon masu wucewa ta kansa. Masu aikin manhaja za su ce ya dace da mabuɗin da ba ya canzawa. Tunda kuwa dole ne ya faɗi yadda benci ya fita daga hannun wannan ya shiga hannun wancan, sai ya zama dole ya ba da labarin faɗuwa, ba na nasara kaɗai ba.

Abin da ya fito daga ciki ya rushe wani hoto da mutane da yawa ke da shi game da ƙauyen Turai na da, wai wuri ne da iyali ɗaya ke zaune a gona ɗaya tun kaka da kakanni, ba shiga ba fita. Akwai irin waɗannan iyalai a Myddle, su Gough ma suna cikinsu, sun zo Newton daga Tilley kusa da Wem tun ƙarni na 16. Abin da ya taimaki irinsu shi ne hayar da ake kira ta rai uku: ka biya mai ƙasa kuɗi mai kauri sau ɗaya, ka ambaci mutum uku, misali kai da matarka da ɗanka, gona na hannunku a kan 'yar haya kaɗan muddin ɗaya daga cikin ukun na numfashi. Amma a gefen waɗannan tsayayyu, sauran gari kamar kasuwa yake. Wannan ya sayar ya koma Shrewsbury, wancan ya tura ɗansa koyon sana'a a Landan, wani baƙo ya zo ya sari daji a Myddlewood ya kafa ɗaki. Manyan gidaje ma ba su tsira ba, sau da yawa su ne suka fi saurin sauya hannu. Kuma ba Myddle kaɗai ba ce. A Clayworth, wani ƙauye a lardin Nottingham, limami ya ƙirga mutanensa a 1676 ya sami 401, ya sake ƙirgawa a 1688 ya sami 412. Jimilla kusan ɗaya. Da masanin tarihi Peter Laslett ya gwama sunayen, sai ya tarar kimanin kashi 60 cikin 100 na mutanen farko babu su bayan shekara 12 kacal, wasu sun mutu, mafi yawa sun tashi.

Babban abin da ke raba mutum da bencinsa a wajen Gough shi ne giya. Labarin Thomas Hayward na Balderton ya isa misali. Mutum ne mai ilimi, gwanin noma, kowa na sonsa. Ya auri 'yar wani malamin makaranta na Shrewsbury, ta zo da dukiya, amma rainon birni ce, zaman ƙauye bai karɓe ta ba, ga ta da faɗa. Gida ya yi masa zafi, sai ya koma cin abinci a gidan giya, can kuma ga abokai, zama ya riƙa tsawo. Sannu a hankali gona ta tafi, ya ƙare rayuwarsa ɗansa ke ciyar da shi. Gough ya ji tausayinsa ƙwarai, ya ɗora wa matar kaso mai yawa na laifin. Ita dai ba mu ji ta bakinta ba, kuma ba za mu taɓa ji ba.

Wasu labaran na dariya ne. Akwai Reece Wenlock, wanda shi da iyalinsa ba sa babbar sata, sai dai su bi dare su tsinke 'ya'yan itace, su kwashi ciyawa, su zare itacen shingen mutane. Da ya gina sabon tanderu, wani maƙwabci ya san inda za a samo makamashi. Sai ya sami busasshen sanda ya huda shi, ya cusa albarushi, ya toshe, ya ajiye a shinge. Reece ya zo ya kwasa har da shi. Da aka hura wuta tanderu ya tarwatse, wuta ta kama gefen gidan, mai gida ya fito yana ihun a kawo ɗauki. Wasu kuma ba na dariya ba ne. Hugh Elks na Marton ya shiga gidan maƙwabci yin sata ran Lahadi, lokacin kowa na coci, ya tarar da wata 'yar aiki tana yin cuku. Ta gane shi, sai ya kashe ta. Da mutane suka dawo suka tarar da gawa, suka kuma tarar da karen Elks a gidan, ya ci cuku har cikinsa ya kusa fashewa. Suka bi karen, ya kai su har ƙofar ubangidansa. An rataye Elks a Shrewsbury.

Inda littafin ya fi nauyi shi ne wajen yaƙin basasa. A 1642 rikici ya ɓarke tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da majalisa, sarki ya zo Shrewsbury yana tara mayaƙa. Gough yana yaro a lokacin, ya je kallon taron da aka yi a kan tudun Myddle. Ya tuna wani mutum tsaye a wuri mafi tsayi, takarda a hannu, an kafa masu a ƙasa kusa da shi, yana shelar duk wanda zai yi wa sarki yaƙi za a biya shi sule 4 da kwabo 8 a mako. Ga ɗan ƙwadago wannan kuɗi ne. Mutum 20 suka tafi daga Myddle da Marton da Newton. Goma sha uku ba su dawo ba. Gough ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani an san inda ya faɗi, wani kuwa ya tafi ne kawai ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Bai yi musu kirarin jarumta ba. Ɗaya daga ciki, Nathaniel Owen, ya zama annoba ga garinsu, yana jagorantar mahaya cikin dare su fasa gidajen maƙwabtansa, su kama mai gida sai an biya fansa. Ƙarshensa ya ji rauni a wani faɗa da abokan aikinsa, yana kwance a Bridgnorth ba ya iya tashi aka cinna wa garin wuta, ya ƙone. Daga wannan ƙidaya ta ƙauyuka uku Gough ya yi hasashen yawan rayukan da yaƙin ya ci a Ingila baki ɗaya, kuma hanyar tasa ba ta da nisa da wadda masana ke bi yau.

Sai labarin katifa. Wani ƙaramin hafsan dawaki na ɓangaren sarki mai suna Collins, mutumin Ireland, yana zaune a sansanin Shrawardine, ya mayar da Myddle wurin kiwonsa, yana zuwa ya kwashi shanu da abinci da kayan shimfiɗa. Wata rana ya je gidan maƙeri Allen Chaloner, matarsa Margaret ta fito da katifarta mafi kyau. Ya duba ya ga ba ta yi masa ba, sai ya jefa ta a kududdufin ƙofar gida ya sa doki ya tattake. Washegari ya tsaya a maƙerar nan don a gyara wa dokinsa takalmi, ashe wasu sojojin majalisa daga sansanin Moreton Corbet sun shigo gari. Aka harbe shi. Aka ɗauke shi aka shigar gidan maƙerin aka kwantar a ƙasa, ya roƙi a sa masa katifa. Margaret ta ce ai ba ta da wata sai wadda ya tattake jiya. Ya nemi gafararta, ya ce a kawo ta hakanan, ta kawo ta shimfiɗa masa. Aka kira malamin makaranta, Mista Roderick, ya yi masa addu'a, ɗalibinsa Gough ya biyo shi, ya ga mutumin kwance jini na malala a daɓe. Cikin dare mutanensa suka zo suka ɗauke shi, washegari ya cika. Fiye da shekara hamsin bayan haka yaron ya rubuta abin da ya gani.

To, yaya gaskiyar duk wannan? Tambayar ta dace, domin tsegumi ne fa aka rubuta. Masanin tarihi David Hey ya ɗauki shekaru yana gwada maganganun Gough da littattafan coci da wasiyyoyi da takardun haya, ya fitar da littafinsa a kan Myddle a 1974. Ya tarar a wajen sunaye da aure da cinikin gonaki dattijon ba ya cika kuskure. Wannan ya sa aka amince da shi. Sai dai takarda tana iya tabbatar da cewa wane ya sayar da gona a shekara kaza, ba ta iya tabbatar da cewa matarsa ce ta jawo. A nan sai abin da Gough ya ce, shi ne mai gabatar da ƙara, shi ne shaida, shi ne alƙali. Mutum ne mai gonar kansa, mai riƙo da addini, mai ganin tsiya yawanci sakamakon lalaci ce ko shaye-shaye. Wanda ya ƙi jini, kamar William Tyler na Balderton da ya ɗauka a matsayin mafi lalacewar mutum a gundumar, ya shiga tarihi da wannan tambari, shekara 300 ke nan ba mai wanke shi. Ko da Tyler ya cancanci haka, kuma alamu sun nuna ya cancanta, akwai wasu da dama da aka yanke musu hukunci da jimla ɗaya tak.

Dabarar bencin ma tana da inda ta makance. Mai gida ne ke da benci. Wanda ba shi da gida, kamar barori da 'yan aikin da ke sauya ubangida shekara-shekara da masu yawon neman abinci, ba shi da ƙofar shiga littafin sai ta hanyar laifi ko masifa. Yarinyar da Elks ya kashe, abin da ya rage mana game da ita shi ne tana yin cuku. Mata kuwa galibi suna bayyana ne a matsayin 'yar wane da ta auri wane da kuɗi kaza, sai fa in sun yi abin magana.

Inda talakawa suka fi fitowa fili shi ne wani sashe da Gough ya ware wa shari'o'in gunduma. Dokar 1662 ta ce kowane matalauci yana da gunduma ɗaya da nauyinsa ke wuyanta, kuma ana iya mayar da baƙo inda ya fito in ana tsoron zai zama kaya. Sakamakon haka gundumomi suka riƙa kai juna kotu a kan wa zai ciyar da gurgu, ko marayu, ko jaririn da aka yar. Gough ya shiga irin waɗannan shari'o'i a madadin Myddle, ya rubuta su dalla-dalla, yana alfahari da yadda gundumarsu ke yin nasara. Nasara a nan tana nufin an ɗora mabukaci a hanya an tura wa wasu. Yana ba da labarin da jin daɗin wanda ya ci wasan dara, kuma ban ga alamar ya taɓa tsayawa ya dubi abin ta idon wanda ake turawar ba. Duk da haka, ba don alfaharin nasa ba da ba mu san an yi waɗannan mutane ba sam.

Gough bai buga littafin ba, kuma da wuya a ce ya yi niyya, ganin jikokin waɗanda ya fallasa suna zaune kusa da shi duk Lahadi. Ya rasu a 1723 yana da shekara 88. Rubutun ya zauna a hannu fiye da ƙarni guda kafin Sir Thomas Phillipps, wani attajiri mai haukar tara tsofaffin takardu, ya buga wani ɓangarensa a 1834. Cikakken bugu ya fito a Shrewsbury a 1875, sannan Hey ya shirya wanda kamfanin Penguin ya fitar a 1981, wanda ya kai shi hannun masu karatu na yau da kullum. Ainihin rubutun hannun yana ajiye a ma'adanar tarihi ta Shropshire. Bencinan kansu babu su: a 1744, shekara 21 bayan rasuwarsa, aka rushe zauren cocin aka sake gini. Hasumiyar da aka gina dab da haihuwarsa ce ta rage a tsaye.